Wata Bakwai a Garin Kwal

Shekara goma sha huɗu na yi ina aikin nas a Bukuru kafin cacar biza ta faɗo kaina. Na karɓi haihuwa, na ɗinke rauni, na rufe idon mamata fiye da yadda zan iya tunawa. Amma ranar da na sauka gidan Gwaggo Asabe a Fort Washington ta Amurka, ta zaunar da ni a ɗakin ƙasa kusa da injin wanki, ta ce, "Rakiya, takardunkin nan ki adana su a akwati. A nan ba ki da lasisi, kuma marar lasisi ko ruwan allura ba ya zuƙa. Sai kin ci jarrabawarsu."

Gwaggo Asabe dangin mahaifina ce, ta fi shekara ashirin a Amurka. Ba ta rage ni da komai ba, sai dai gidan surukinta ne, kuma baƙo ko ba a faɗa masa ba ya san lokacin da tabarmarsa ta fara tsaye wa masu gida a rai. Mijina ya rasu, 'ya'yana mata biyu na bar su wurin Inna, da niyyar in na tsaya da ƙafafuna in nema musu takardu. Na yi ɗan kwas ɗin masu kula da tsofaffi, na yi rajistar jarrabawar nas, aka ba ni rana nan da wata huɗu. Duk Asabar ina zuwa Bowie, inda wata 'yar Zariya take koyar da irinmu a falonta.

A wani taron suna a Woodbridge na haɗu da Alhaji Garba. Yana da kamfanin tura masu jinya gidajen tsofaffi. Da ya ji daga Filato nake sai ya dafa ƙirji, wai mahaifiyarsa 'yar Barikin Ladi ce.

"'Yar'uwa, akwai wani aiki kamar don ke aka yi shi," in ji shi. "Tsoho ɗaya ne, ba shi da rigima. Nan bayan gari ne. Sati uku kacal, kafin mai wurin ta dawo hutu. Duk Juma'a mota za ta ɗauko ki, ki yi karatunki na Asabar."

Na yi masa godiya har da durƙusawa. Har yau ina takaicin durƙuson nan.

Direbansa ya ɗauke ni da hantsi. Muka wuce gine-gine, muka wuce gonaki, muka fara hawan duwatsu. Na tambaye shi ko mun kusa, ya ce shi dai inda taswirar waya ta ce zai bi. Sai bayan la'asar ya ajiye ni gaban wani gidan katako mai fenti a kwaile, ya sauke mini jaka, ya juya mota. Wannan ne bayan garin Alhaji Garba.

Ba zan faɗi sunan garin ba. Kwari ne tsakanin duwatsu biyu, titi ɗaya, coci uku, kantin mai guda ɗaya da ɗakin karatu. Rabin gidajen an toshe tagoginsu da katako. Wani rafi ya ratsa gefensa, ruwansa ja-ja kamar an wanke tsatsa a ciki. Ina ganinsa na tuna kududdufan kuza na garinmu, waɗanda ake hana yara zuwa. Babu bas, babu jirgin ƙasa, layin dogon ma ciyawa ta cinye shi.

Tsohon sunansa Walta. Baƙar fata ne, dogo, ya doshi casa'in, da roba a hanci tana kawo masa iska daga wani inji mai gurnani. Shekara talatin da wani abu ya yi a ramin kwal, ƙurar ta cika masa huhu. In ya yi tari sai in ji kamar ana jan buhun tsakuwa a kan siminti. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan hijabina.

"Daga ina aka samo ki?"

"Daga Najeriya, Baba."

"Ni ba babanki ba ne. Na ce wa 'yata ba na son kowa a gidan nan. Ke ce ta huɗu."

A nan na gane babu wata mai wuri da ta tafi hutu. Waɗanda suka riga ni duk gudu suka yi.

Juma'ar farko na shirya jakata tun azahar, na zauna a baranda har duhu ya fara. Ba mota. Wayata ba ta kamawa a cikin gidan, sai na hau tudun tsakiyar gari, inda akwai wani dogon dutse da mutum-mutumin soja a kansa. A nan kaɗai ake samun sabis. Na kira Alhaji Garba, ya ce motar ce ta lalace, sati mai zuwa insha Allahu. Sati mai zuwa direba ne ba lafiya. Da na ce to ni zan nemi hanya in dawo, sai muryarsa ta sake.

"Ki yi hankali, 'yar'uwa. A ƙasar nan barin majiyyaci shi kaɗai laifi ne. In aka rubuta a fayil ɗinki, ki manta da lasisi har abada. Ina faɗa miki ne don ke tawa ce."

Na kira Gwaggo Asabe ina kuka. Ta ce in yi haƙuri, Alhaji Garba mutum ne mai mutunci a cikin jama'a, ba ta son abin da zai ɓata zumunci.

Haka sati uku ya zama wata. Ina karanta littattafaina a kicin, ina dafa wake da ƙwai da kifin gwangwani, don babu naman da zan iya ci. Baba Walta ba ya magana sai in zai ce shayin ya yi sanyi. Abin da ya fara sassauta shi, wata safiya numfashinsa ya sarƙe, leɓensa ya yi toka-toka. Na zaunar da shi, na karkata shi gaba, na dinga bubbuga bayansa da tafin hannu a dunƙule kamar yadda muke yi wa masu ciwon ƙirji a gida, har majinar ta fito baƙa ƙirin. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Ke ba 'yar aiki ba ce."

"Nas ce ni."

"To me kike yi a nan?"

Na ci gaba da gyara masa robar hancinsa. Daga ranar ya daina hana ni ce masa Baba.

Ranar jarrabawata Alhaji Garba ya rantse da Allah zai turo mai canji tun jajibere. Na yi guga, na shirya katina. Ba wanda ya zo. Ƙarfe tara na safe, lokacin da ya kamata in kasance a kan kujerar jarrabawa, ina zubar da fon fitsarin tsoho. Na hau tudun nan na kira, wayarsa a kashe. Na zauna a gindin dutsen na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mijina. Ban ji haushin Amurka ba. Amurka ba ta kira ni 'yar'uwa ba.

A nan wata farar tsohuwa ta same ni, ta miƙo mini hankici. Sunanta Dorin, ita ke kula da ɗakin karatun garin, mijinta ya mutu a rami tun tana da ƙuruciya. Ba ta tambaye ni dalilin kukan ba. Cewa ta yi, "Ke ce ta gidan Walta. Ya taɓa gaya miki abin da ya sa ba ya bi ta gaban dutsen nan?"

Da na koma na tambaye shi. Ya ce in ɗauko masa wani gwangwanin biskit a saman kabad. A ciki akwai hoton wani saurayi da kakin soja, da wasiƙu, da lambar girma a cikin ƙyalle.

"Yayana ne, Liyon. Ya tafi yaƙin Koriya ina ɗan sha biyar. Shi ya koya mini aski da wuƙa. Bai dawo ba, ko gawarsa ba mu gani ba."

Ranar ya ba ni tarihin garin, yana yi yana hutawa. Da can daji ne. Kamfanin kwal ya zo ya gina komai: gidaje, kanti, makaranta, har da kuɗinsa na ƙarfe da ba ya ciwuwa sai a kantinsa. Ya kwaso mutane daga Italiya da Folan, ya kwaso baƙaƙe daga kudu, ciki har da mahaifinsu. A cikin rami kowa baƙi ne, in ji shi, ba ka gane ɗan kowa sai ya yi magana. Amma in an fito an yi wanka, farare su nufi cikin gari, baƙaƙe su haye gada zuwa barikinsu a ƙetaren rafi. Da aka shata iyakar gari, sai aka tsayar da ita daidai bakin ruwa. Bayan yaƙi aka sassaƙa sunayen 'ya'yan gari da suka mutu a jikin dutsen nan na kan tudu. Mahaifiyarsu ta sa rigar cocinta ta je bikin, ta tsaya a baya, aka karanta sunaye har aka ƙare ba ta ji na ɗanta ba. Da ta tambaya aka ce mata ai shi ba ɗan gari ba ne, ɗan bariki ne.

"Ta dawo gida ta cire hularta, ba ta ƙara taka tudun nan ba har ta mutu. Sau biyu na rubuta musu. Sau biyu suka ce ƙa'ida ce."

Na ce masa ni ma jikar bariki ce. Lokacin yaƙin Hitila aka yi ɗiban gwamna, aka kwaso kakana da ƙanensa daga ƙasar Kazaure zuwa haƙar kuza, wai Turawa na bukatarta don yaƙi. Sanyin Filato ya kashe ƙanen. Kakana ya rayu ya tsufa, amma bai taɓa iya nuna mana inda aka binne shi ba. Baba Walta ya yi wata dariya da ta koma tari.

"Ashe sun bi ta gidanku ma."

Ni na ce mu sake rubutawa. In faɗi gaskiya, ba tausayi kaɗai ba ne. An take ni, na rasa wanda zan rama a kansa, sai na ga ga wata rigima da zan iya riƙewa da hannu biyu. Dorin ta shiga cikin maganar. Ta tono mana tsofaffin rajistocin makarantar gari, da jaridar da ta buga labarin mutuwar Liyon ta kira shi yaron garinmu. Ta samo takardar da ta nuna a gidan waya na cikin gari ya sa hannu ya shiga soja. Wata biyu muna haɗa fayil a teburin kicin. Tsohon ya fara cin abinci, har yana tsokanata da cewa barkonona zai ƙarasa abin da kwal ya fara.

Da Babbar Salla ta zo na ambata masa a cikin hira. Washegari sai ga Dorin da kaza mai rai a kwali, wai Walta ya ce ta samo mini a gonar ƙanwarta. Ban taɓa yanka ba, a gida aikin maza ne. Na fuskanci gabas a bayan gida, na yi bisimilla, na yanka. Mu uku muka ci ta da shinkafa. Wannan ce Babbar Sallata ta farko a Amurka, kuma babu Bahaushe ko ɗaya da ya kira ni a ranar.

Majalisar gari ta sa mana rana a farkon sanyi, ƙarfe huɗu na yamma. Na kira 'yarsa Sharon don in sanar da ita. Lauya ce, tana zaune a Bowie, sau biyu ta zo a wata shidan da na yi, ko wanne bai kai awa uku ba.

"Kada ki kuskura ki fitar da shi," in ji ta. "Likita ya ce sanyi zai iya kashe shi. Maganar dutsen nan ta cinye kakata, ta cinye babana. Ki bar ta. Ba don wannan aka ɗauke ki ba."

Na gaya wa Baba Walta yadda muka yi. Na ce Dorin za ta je a madadinsa. Ya ce in miƙo masa kwat ɗinsa.

"Baba, ni nas ce. Gaskiyar 'yarka ce, ƙirjinka ba zai ɗauka ba."

"Rakiya," in ji shi, kuma ranar ce ta farko da ya faɗi sunana daidai, "shekara saba'in ina jira su kalli fuskata. In ba ki kai ni ba, zan ja tukunyar iskar nan da ƙafa. Ki zaɓi wadda za ki iya gani."

Na san abin da ya kamata in yi. Na kuma san abin da na yi. Na naɗe shi da bargo biyu, na rufe masa baki da mayafina, muka sa shi a motar Dorin.

Ɗakin taron yana bayan ofishin 'yan kwana-kwana, hita ɗinsa ba ta aiki. Mutum biyar a kan teburi, 'yan kallo ba su fi goma ba. Shugaban wani matashi ne mai fara'a, ya gode wa Baba Walta, ya gode wa marigayi Liyon bisa sadaukar da rai. Suka sa mu a ƙarshen jerin, bayan maganar kwata da ta fitilun titi. Awa ɗaya da rabi tsohon yana zaune cikin sanyin nan. Da lokacinmu ya zo ya ƙi magana a zaune. Na riƙe shi ya miƙe.

"An haife ni a ƙetaren rafin can. Na yi aiki a ƙarƙashin ƙasar da kuke zaune a kai. Da rami ya rufta, ni na jawo kakan wancan yaron da hannuna." Ya nuna ɗaya daga cikinsu. "A lokacin ba wanda ya tambaye ni ko ni ɗan gari ne. Ba sadaka na zo nema ba. Haruffa ne kawai, kuma akwai wuri a ƙasan dutsen, na sa an auna."

Numfashi ya ƙare masa. Na ɗauki fayil na fara karanta hujjojinmu. Shugaban ya ce in maimaita, bai ji ba. Na maimaita. Ya sake cewa in maimaita. Wani daga baya ya ce, "Ita wannan daga wane gari take?" Aka ɗan yi dariya. Dorin ta karɓi takardun ta ƙarasa. Wani dattijo a kan teburin ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma in aka buɗe wa mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da nasa. Suka ɗaga hannu. Aka ce za a kafa kwamiti ya duba, ya kawo rahoto bayan sanyi.

A mota, da muka zo gada, Baba Walta ya dube ni. "Bayan sanyi," in ji shi. "Sun iya lissafi."

Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe shi. Na ruga kan tudun nan na kira motar asibiti. Ya kwana tara a asibiti, ya cika da hantsi, ina riƙe da hannunsa. Sharon tana kan hanya.

Da ta iso ba ta yi ihu ba. Ta tsaya a barandar asibitin ta ce, "Na ce miki kada ki fitar da shi." Na ce haka ne. Ta ce in kwashe kayana kafin gobe, kuma za ta shigar da ƙara a hukumar da ke ba mu izinin aiki. Alhaji Garba, wanda wata bakwai ina bin wayarsa, shi da kansa ya kira ni a ranar. Ya ce na jawo masa abin kunya, ya taimake ni don zumunci na saka masa da sharri, kamfaninsa ba ruwansa da ni. Na tambaye shi motar da za ta mayar da ni. Ya ce in nemi wadda ta kai ni taron.

Ita ɗin ce kuwa ta mayar da ni. Dorin, mai shekara saba'in da huɗu, wadda ba ta taɓa tuƙi a babban titin Washington ba, ta riƙe sitiyari da hannu biyu har ƙofar Gwaggo Asabe. Ta ƙi shiga ta sha ruwa, wai tana son ta koma da ido. Ban halarci jana'izar ba, ba a gayyace ni ba.

Binciken ƙarar ya ci kusan shekara. Ba su kore ni ba, amma sun rubuta gargaɗi a fayil ɗina, kuma duk inda na nemi aiki sai na yi bayaninsa. Na zauna jarrabawar daga baya na faɗi. Yanzu ina wani gidan tsofaffi a Woodbridge, ina wanka da canza zanin gado, wata yarinya da na girme ta da shekara goma sha biyar tana nuna mini yadda ake gwada jini. Babbar 'yata ta gama sakandare ban gani ba. A taron biki nakan hango Alhaji Garba a sahun manya ana zuba masa abinci. In mun haɗa ido sai ya ce, "'Yar'uwa, kwana biyu." Ni kuma in amsa, don Gwaggo tana kallona.

Wani lokaci ina tambayar kaina ko ni na kashe tsohon nan. Malamai sun ce kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma ni na ɗaura masa bargon.

A bazarar da ta wuce Dorin ta kira ni. Muryarta ta tsufa. Ta ce an yi sabon zaɓe, kwamitin ya amince a sa sunan Liyon a dutsen, mai sassaƙa ma ya ce kyauta zai yi. Abu ɗaya ya rage: sai ɗan'uwa na jini ya sa hannu, kuma Sharon kaɗai ta rage. Ta rubuta mata sau uku ba amsa.

"Ki gwada kiranta, Rakiya. Wataƙila ke za ta saurare ki."

Sati biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ranar wata Laraba, a hutun rabin awa, na tsaya a bayan kicin ɗin wurin aiki na kira. Ta ɗauka a bugu na biyu.

"Ni ce Rakiya," na ce.

"Wace Rakiya?"

Matar da ta sa aka rubuta sunana a fayil ɗin hukuma, ga shi ba ta ma tuna ni ba. Na ce, "Wadda ta yi jinyar babanki."

Na yi mata bayani da sauri, don kada ta kashe: kwamiti, mai sassaƙa, layi ɗaya na sa hannu. Na ji tana numfashi.

"Ya yi maganata kafin ya cika?" in ji ta.

Bai yi ba. Sunan Liyon ya yi ta kira, da na mahaifiyarsa. Na san in na ce ya yi, za ta sa hannu a ranar. Na buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Ba ya cikin hayyacinsa sosai," na ce.

"Na gane," in ji ta. "Ki ce wa matar ta turo takardar ofishina."

Dorin ta tura tun washegari. Wata biyar ke nan muna jiran sa hannun Sharon. Duk ranar Lahadi takan kira ni bayan coci, mu gaisa, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, in tambayi gwiwarta. Daga nan ni ba na tambaya, ita kuma sai ta ce, "Tukuna dai."